Ruwan Allo da Ruwan Kogi

'Yan'uwa ɗalibai da matasan ma'aikata, duk wanda yake bin manyan hanyoyin birnin Kaduna, tun daga hanyar Nnamdi Azikiwe da ta ratsa ta gefenmu a Unguwar Mu'azu har zuwa tsakiyar gari, ba zai rasa ganin irin manyan allunan nan na tallan rukunin gidaje ba. Gidaje ne farare tas a jere, ciyawa kore shar, a tsakiya ga tafkin wanka shuɗi mai ruwa garai-garai, ga famfon ado yana feshi sama, hasken rana yana wasa a kan kowane ɗigo. In mutum ya sauke idonsa daga allon ya dubi ƙasa, sai ya ga ɗan ga-ruwa yana tura kura cike da jarkoki, gumi ya jiƙe masa riga, yana tsallake kwatar da leda ta toshe tun bara. In kuwa ya bi sawun tallan har filin da aka ce nan za a yi gidajen, sau da yawa ba abin da zai tarar sai turaku da ciyayi, wani lokaci ma a cikin fadamar da kowane manomin wurin ya san ruwa yana kwana cikinta daga Agusta zuwa Satumba.

To, wa ya zana wannan ruwa? Kada mu tafi neman mai laifi a nesa, mu ne. Ɗayanmu ne ya yi kwana uku gaban kwamfuta yana gyara launin tafkin nan, yana ƙara masa kumfa da ƙyalli, aka sallame shi da abin da zai toshe kuɗin makaranta na zango guda, ya dawo ɗakin kwana yana nuna mana hoton muna tafa masa. Mun koyi sana'ar sa ruwa ya gudana a cikin kwamfuta, sana'ar da aka gina bisa lissafin da masana suka yi shekara ɗari biyu suna fama da shi, sa'an nan muka ɗauke ta ɗungum muka miƙa wa mai talla. Abin da wannan maƙala take so ta faɗa guda ɗaya ne: ilmin kwaikwayon ruwa da ke hannunmu ya fi ƙarfin allon talla, kuma muddin unguwanninmu suna nutsewa kowace damina alhali ba wanda ya taɓa nuna wa mai gida iyakar inda ruwa zai kai a bangonsa, to akwai bashi a wuyanmu.

Abin da ke cikin sana'ar

Da yake ba dukan masu karatu ne suka taɓa zama gaban irin wannan manhaja ba, bari mu ɗan yi bayani, domin a san nauyin abin da muke wasa da shi. Zane mai tsawo da faɗi da zurfi, watau wanda ake iya juya shi a duba ta kowace fuska, ba shi da wuya in abin da ake zanawa kujera ce ko gini, domin su inda aka ajiye su nan suke. Ruwa kuwa ba shi da siffa tasa ta kansa. Yana ɗaukar siffar mazubinsa, ya rabu ya koma ya haɗe, ya fantsama, ya yi kumfa, kuma ba ya matsuwa, in ka danne shi nan sai ya ɓullo can. Ba mai iya zana wannan da hannu ɗigo bayan ɗigo. Sai dai a koya wa kwamfuta dokokin da ruwa yake bi, a bar ta ta lissafa.

Dokokin nan an rubuta su tun kafin a yi mafarkin kwamfuta. Wani injiniya Bafaranshe mai suna Navier ya fara tsara su a 1822, sa'an nan wani masanin lissafi a Jami'ar Kambirij ta Ingila, Stokes, ya daidaita su a 1845. Ma'anarsu a taƙaice ita ce, kowane ɗan yanki na ruwa yana sauya gudunsa ne saboda nauyinsa da ke jan sa ƙasa, da matsin maƙwabtansa, da kuma kaurinsa, watau abin da ya bambanta zuma da ruwan rijiya. Faɗar ba wuya, warwarewar ce aiki. Tsananin wuyarta ya kai a shekarar 2000 Cibiyar Lissafi ta Clay a Amurka ta sa ladan dala miliyan ɗaya ga wanda ya tabbatar ko lissafin nan yana da lafiyayyiyar amsa a kowane hali.

Saboda haka kwamfuta dabara take yi ta kusanci amsar. Dabara ta farko ita ce a yayyanka sarari zuwa ƙananan akwatuna kamar saƙar zuma, a lissafa gudu da matsi a kowane akwati, a matsa gaba da ƙasa da ƙiftawar ido, a sake lissafawa. Ta biyu ita ce a ɗauki ruwa a matsayin tarin ƙwayoyi, kamar gero a faifai, kowace ƙwaya tana ture na kusa da ita. Masu nazarin taurari ne suka ƙago wannan a 1977, daga baya masu fim suka ara. Ta uku ta haɗa biyun, kuma ita ce ke cikin Blender tun 2020, manhajar da yawancinmu muka koya a kai domin kyauta ce. In an gama lissafin motsi sai a lulluɓe ƙwayoyin da fata, sa'an nan a zo ga haske. Haske yana karyewa in ya shiga ruwa, shi ya sa sanda take bayyana a lanƙwashe cikin bokiti, ma'aunin wannan karyewa kuwa 1.33 ne. In ka leƙa ruwa daga sama tsaye, kashi 2 cikin 100 kawai na hasken yake dawo maka, sai ka hangi gindin randa. In ka hango shi daga gefe can nesa, sai ya zama madubi. Duk wannan sai an lissafa shi ga kowane ɗigon hoto.

Tsadar aikin kuwa sai wanda ya gwada. In ka ce za ka ninka ƙanƙantar saƙar sau biyu domin ruwan ya ƙara kyau, akwatunan sun ninku sau takwas ke nan, domin tsawo da faɗi da zurfi kowanne ya ninku, lokacin aikin kuma yakan kai ninki goma sha shida. Fim yana cin hoto 24 a daƙiƙa guda. Daƙiƙa goma hoto 240 ke nan, in kuma kowane hoto ya ci minti biyar kafin kwamfuta ta wanke shi, an tashi da awa ashirin. Wanda ya taɓa yin wannan a unguwarmu ya san fassararsa: a ɗauke wuta ana gab da gamawa, a tashi janareta, a ci bashin mai. Yaron da ya jure wannan wahala, ya kuma koya wa kansa duk wannan daga intanet ba malami, ba wanda zai kira shi rago. Shi ya sa asarar ta fi ciwo.

Ruwan ido da ruwan awo

Masu fim sun daɗe suna nuna gwaninta a wannan fage. Tun daga The Abyss a 1989, da Titanic a 1997, har zuwa Moana a 2016 da Avatar na biyu a 2022, kowane zamani ruwansa yana fin na baya kama da gaskiya. Amma alƙalin ruwan fim ido ne kaɗai. A 1999 wani masani mai suna Jos Stam ya fito da wata hanya ta lissafi wadda ba ta rikicewa ko da an yi mata gaggawa, masu fim da masu wasannin kwamfuta suka rungume ta, ko da yake an san tana ɓatar da wani ɓangare na ƙarfin ruwan a hanya. Wannan bai dame su ba, tun da mai kallo ba ya zuwa silima da ma'auni. In mai ba da umarni ya ga igiyar ruwa ta yi saurin faɗuwa, sai ya ce a rage nauyin duniya, a rage. A fim wannan ba laifi ba ne, domin kowa ya san tatsuniya ya biya kuɗi ya kalla.

Akwai kuma ɗan'uwan wannan ilmi, uwa ɗaya uba ɗaya, wanda alƙalinsa kogi ne. A 1871 wani injiniya Bafaranshe, Saint-Venant, ya sauƙaƙa lissafin nan domin ruwan da faɗinsa ya fi zurfinsa nesa ba kusa ba, kamar na kogi da na ambaliya. Bisa wannan aka gina manhajojin da injiniyoyin ruwa suke aiki da su, irin su HEC-RAS ta rundunar injiniyoyin sojan Amurka, wadda ta fito a 1995, a 2016 kuma aka ƙara mata ikon nuna yadda ruwa yake bazuwa a faɗin ƙasa. Ita ma kyauta ce, kowa yana iya saukewa. A nan ma akwatuna ake yankawa, a nan ma gudu da matsi ake lissafawa, saboda haka wanda ya iya wancan ya riga ya yi rabin tafiya zuwa wannan. Bambancin shi ne, a nan ba a rage nauyin duniya. In kwamfuta ta ce ruwa zai tsaya a gwiwa alhali bara ya kai ƙirji, to kwamfuta ce ta yi ƙarya, sai a koma a gyara har ta yarda da shaidar bango.

Muna da masu ruwan ido da yawa a ɗakunan kwananmu. Muna kuma da masu ruwan awo a sassan injiniya, waɗanda suke rubuta kundin kammala digiri da taswirori masu launi, a ba su maki, a jera kundin a kanta ƙura ta rufe. Waɗannan ƙungiyoyi biyu suna cin abinci a kantin makaranta ɗaya, amma ba su taɓa zama teburi guda ba. Na farko yana da hoton da kowa zai gane amma babu gaskiya a ciki, na biyu yana da gaskiyar da ba mai ganewa sai shi da malaminsa.

Abin da kogi yake yi mana

Kogin Kaduna ya taso daga tsaunukan Filato, ya yi tafiyar kilomita kusan 550 kafin ya faɗa Kwara. Turawan mulkin mallaka sun taso da hedkwatar Arewa daga Zungeru suka kafa ta a bakinsa a 1917, tun daga ranar kuwa birni yake cin fadama, fili bayan fili. Inda da ake noman rake da kayan lambu yanzu bulo ne da kwano. A 2003 kogin ya tuna mana da iyakarsa, ya raba dubban mutane da gidajensu. Ya sake a 2015. Mazauna Kigo Road da Kabala Costain da Rafin Guza da Nasarawa ba sa bukatar mu ba su labari, kowace damina da ido ɗaya suke barci.

Ba kuwa Kaduna kaɗai ba. A Agustan 1988 madatsar Bagauda ta ɓalle a Jihar Kano. Ambaliyar 2012 ta kashe mutum 363 a faɗin Nijeriya, ta kori fiye da miliyan biyu daga muhallinsu. Ta 2022 ta kashe fiye da 600. Ranar 10 ga Satumba 2024 madatsar Alau ta ɓalle, ruwa ya shanye babban ɓangare na Maiduguri cikin dare. Ranar 29 ga Mayu 2025 ruwa ya afka wa Mokwa a Jihar Neja kafin gari ya waye, aka rasa rayuka fiye da 150. Bayan kowane ɗaya daga cikin waɗannan an yi jaje, an raba katifu da buhunan shinkafa, an ɗauki hoto. Ihu bayan hari ke nan, kuma mun ƙware a kansa.

A unguwanni irin tamu, da Kinkinau da Kabala West da Tudun Wada, ba lalle sai kogi ya tumbatsa kafin mu sha wuya ba. Abin da ya fi damunmu shi ne ruwan saman da ya rasa hanya. Ku zo mu yi ɗan lissafi wanda ɗan aji uku na sakandare zai iya. Hekta guda ba ta kai filin ƙwallo ɗaya da rabi ba. In aka yi ruwan milimita 50 a kanta, wanda ba abin mamaki ba ne a daren Agusta, lita dubu ɗari biyar ke nan ta sauka, watau jarka 20,000 mai cin lita 25, nauyinta tan 500. Da can ƙasa da ciyawa suna shanye kaso mai yawa. Yanzu da kowa ya rufe tsakar gidansa da siminti, ya kuma juya indararonsa waje, kusan dukan ruwan nan titi yake fitowa a lokaci guda, ya nufi kwalbatin da aka gina tun unguwar tana rabin girmanta, wanda kuma rabinsa yashi ne da leda.

Mun san abin da ke biyo baya, domin a gidajenmu yake faruwa. Ƙarfe biyun dare uwa tana ɗora katifa kan durowa, uba yana kwashe ruwa da bokiti yana zubawa inda zai sake dawowa, ƙane yana riƙe da takardun makaranta a ka. Da safe a shanya abin da ya saura, a duba bangon ƙasa ko ya tsage, shadda kuma ta haɗe da rijiya, bayan mako biyu a fara zaryar asibiti da yara masu gudawa. Abin takaici, a wannan gida da ruwa ya kora, gobe sai an sayi ruwan sha daga kura. Ɗan wannan gida ne kuma yake zana wa attajiri tafkin wanka.

Kada a ce ba a gargaɗi. Hukumar kula da koguna ta ƙasa, NIHSA, tana fitar da hasashen ambaliya kowace shekara, tana ambaton jihohi da ƙananan hukumomi har da garuruwan da ke cikin haɗari, hukumar hasashen yanayi, NiMet, ita ma tana fitar da nata. Wannan aiki ne mai amfani. Amma ku kai wa mai unguwa labarin cewa Ƙaramar Hukumar Kaduna ta Kudu tana cikin jerin, ku ji abin da zai tambaye ku. Wane layi? Ruwan zai tsaya a dokin ƙofa ne ko zai kai taga? Daga fara ruwa zuwa isowarsa minti nawa ne? In an yashe kwalbatin bakin kasuwa, me zai ragu? Ba wata takarda daga Abuja da za ta amsa waɗannan. Wanda zai amsa su sai wanda ya san layin, ya san lissafin, ya kuma iya mai da amsar hoton da tsohuwa za ta duba ta ce, ai wannan ƙofar gidan wane ce. Duk faɗin ƙasar nan ba wanda ya haɗa waɗannan abubuwa kamar mu.

Masu cewa a'a

Mun san abin da za a ce, domin an riga an faɗa mana a ɗakin kwana. Na farko zai ce, fasaha fasaha ce, ba a tilasta wa mai zane ya zama injiniya. Mun yarda, kuma ba mu ce a daina fim ba. Amma a dubi Flow, fim ɗin da wani matashi ɗan ƙasar Latbiya, Gints Zilbalodis, ya yi da 'yan tsirarun abokan aiki, da wannan Blender ɗin dai da ke cikin kwamfutocinmu, ya kuma ci kyautar Oscar a 2025. Labarin kyanwa ne da ambaliya ta kora daga gida. Mutanen Latbiya duka ba su kai miliyan biyu ba. Mu da ambaliyar take kora da gaske, me muka yi da ita? Kwafin kwalbar lemo tana faɗawa cikin ƙanƙara, wanda muka gani a darasin intanet muka maimaita har launi. Ko a fagen fasahar ma, wanda ya tsaya ya kalli yadda jan ruwan Agusta yake juya leda a bakin kwalbati ya fi mai kwafi abin faɗa.

Na biyu zai ce, da ruwan ciki ake jan na rijiya, mai talla yana biya, mai unguwa kuwa sai godiya. Gaskiya ne, kuma ba ma zargin ɗalibin da ya karɓi aiki domin ya biya kuɗin rajista. Amma akwai iyaka. Zana gidan da za a gina sana'a ce. Zana tafki da busasshen titi a filin da ka san fadama ce, domin ƙaramin ma'aikaci ya kwashe ajiyarsa ta shekara goma ya saya, wannan taimakon zamba ne, ko da kuwa ba kai ka karɓi kuɗin filin ba. Ku kuma matasan ma'aikata da kuke karanta wannan mujalla, ku sani ku ne kifin da ake jefa wa wannan koto.

Na uku zai ce, ba kayan aiki, ba bayanai. Wannan uzuri ya tsufa. Blender kyauta ce tun 2002, lokacin da masu amfani da ita suka yi karo-karo suka tara Yuro dubu ɗari suka 'yanta ta. HEC-RAS kyauta ce, QGIS ta haɗa taswira kyauta ce. Ma'aunin tudu da kwarin ƙasa da kumbon Amurka ya ɗauka a shekarar 2000, mai auna kowace mita 30, an sake shi ga Afirka tun 2014. Gaskiya ne mita 30 ta yi girma ga unguwa, domin kwatar da faɗinta bai wuce mita ɗaya ba ba za ta fito a ciki ba sam. To, wannan giɓi da ƙafa ake cike shi. Muna da ɗaliban safiyo da suke neman inda za su gwada na'urarsu. Kowace ambaliya tana barin layin laka a bango, wanda ba ya bukatar komai sai tef da littafi da wayar ɗaukar hoto kafin a wanke. Dattawan unguwa suna tune da inda ruwan 2003 ya tsaya. Gwangwani mai miƙaƙƙen baki da rula sun isa auna ruwan sama a bayan kowace makarantar firamare. Wannan ilmi yana nan a warwatse, kuma kowace shekara wani ɓangarensa yana bin masu shi kabari.

Na huɗu shi ne mai nauyi, kuma dole mu saurare shi. Zai ce, ranar da kuka zana taswirar da ta nuna layin talaka cikin ruwa, kun miƙa wa mai rusau wuƙa, kun kuma karya darajar gidan da shi kaɗai ne gadon marayu. Wannan tsoro yana da tushe, domin mun sha ganin katafila ta san hanyar gidan talaka ta manta ta gidan mai hali. Amsarmu ita ce, ruwa ya riga ya san layin, ɓoye taswira ba zai ɓatar da shi ba. Abin da ya rage shi ne a hannun wa ilmin zai kasance. In mazauna unguwa ne suka fara gani, suna iya nuna cewa katangar wane da ta tare hanya ce ta jawo musu, ko kuwa faɗaɗa kwalbati ɗaya zai ceci gida hamsin ba tare da an rushe ko ɗaya ba. Haka kuma dole mu ji tsoron kanmu. Hoto mai kyau yana da ƙarfin shawo kan mutum fiye da hujjarsa. Ambaliyar da aka zana ba tare da an gwada ta da shaidar bango ba, ita da tafkin allon talla duk kanwar ja ce.

Abin da muke nema

Saboda haka muna kira ga ƙungiyar ɗalibai da ta ɗauki wannan a matsayin aikinta na wannan shekara, ta kuma tsaya a kan abubuwa biyar.

Na farko, a kafa kwamitin haɗin gwiwa na ɗaliban injiniyan ruwa, da safiyo, da zanen gini, da kimiyyar kwamfuta, da sashen Hausa, a zaɓi unguwa ɗaya tak a fara da ita. Mu mun ba da tamu. A auna kwatoci da kwalbatoci cikin rani, a auna ruwan sama da layin laka cikin damina, domin ba a fafe gora ranar tafiya.

Na biyu, sassan karatu a Jami'ar Ahmadu Bello, da Jami'ar Jihar Kaduna, da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna su yarda ɗalibai daga sassa daban-daban su yi kundin kammalawa guda tare, a kuma sa sharaɗin cewa ba a gama aikin ba sai an nuna shi, da Hausa, a gaban mutanen da aka yi shi a kansu.

Na uku, muna roƙon Cibiyar Albarkatun Ruwa ta Ƙasa da ke Mando, wadda take nan Kaduna tun 1979, da hukumar taswirar filaye ta jiha, KADGIS, su buɗe wa ɗalibai duk ma'aunin kogi da na tudu da kwari da ke hannunsu. Da kuɗin jama'a aka tara su. Ku matasan ma'aikata da ke zaune a waɗannan ofisoshi, jiya-jiya kuka bar kujerun da muke kai, kun san aljihun teburin da fayil yake.

Na huɗu, hukumomin da ke ba da izinin gini su tilasta wa duk mai tallan fili ya rubuta a jikin allonsa, da harufan da ake iya karantawa daga titi, cewa wannan zanen kwamfuta ne, ya kuma faɗi ko filin yana cikin hanyar ruwa.

Na biyar namu ne mu kaɗai. Mu yi wa juna alkawari cewa ba ɗayanmu da zai sake zana busasshiyar ƙasa a inda ya san ruwa yana kwana, ko nawa aka ba shi, kuma duk hoton ambaliyar da ya fito daga hannunmu zai zo da bayanin ruwan sama nawa aka ɗauka, da wace shekara aka gwada shi, da kuma inda yake iya yin kuskure.

'Yan'uwa, iyayenmu sun sayar da abin da suka sayar suka saya mana waɗannan kwamfutoci, ba su taɓa tambayarmu abin da muke yi da su har asuba ba. Damina tana tafe, kuma kwalbatin bakin layinmu yana nan yadda muka bar shi bara. Wanda yake da tef ya zo da shi ranar Asabar, wanda yake da littafi ya zo da shi, mu haɗu a ƙofar mai unguwa da hantsi, mu fara daga kwatar farko.